Yadda kamfen ɗin jiragen yaƙi na kwamfuta zai bi sawun tarihin 1940

"Assalamu alaikum Malam. Ina buga wasan tuƙin jirgin yaƙi na kwamfuta, IL-2 Sturmovik: Cliffs of Dover, har na fara haɗa kamfen nawa na kaina, wato jerin ayyukan tashi da ake kira mishan, a kan yaƙin sararin samaniyar Birtaniya na 1940. Na haɗa mishan takwas, na sa jiragen da suka dace, har fentinsu na gyara. Amma in na buga sai in ji duk abu ɗaya ne: in tashi, in tarar da Jamusawa, in harbo biyar ko shida, in sauka. Wani abokina da ya karanta tarihin ya ce wannan wasan yara ne. Me ya rage mini? Ta ina zan fara in ina son kamfen ɗin ya bi tarihi, kuma kada ya gunduri mai bugawa?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya ɗan yi maka tsauri, amma da gaskiyarsa. In na fahimce ka, abu biyu kake nema: me ke mai da mishan na tarihi bayan an sa jirgi da fenti daidai, sannan yaya za a yi hakan ba tare da mai bugawa ya fara hamma ba. Tarihin yaƙin sama yana cikin abubuwan da suka ɗaure wa matuƙi hannu. Umarnin da aka ba shi, labarin da bai iso masa ba ko ya iso a karkace, man da ya rage a tanki, harsashin da ke ƙarewa cikin daƙiƙa 15, da tsayin da bai samu lokacin hawa ba. Kai ka kawo jirgin amma ka kwance masa duk wannan ɗauri, shi ya sa mishan takwas suka koma guda.

Ɗauki sikwadiron ɗaya, ka bi takardunsa

Masu fara wannan aiki sukan so su cusa yaƙin duka, daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba kamar yadda Ingila ke ƙirga shi, cikin mishan goma. Babu matuƙin da ya ga yaƙin duka. Kowa abin da ya gifta ta gaban gilashinsa ya gani. Saboda haka ka zaɓi sikwadiron ɗaya, wato ƙaramin rukunin jirage da matuƙansu, da makonni uku ko huɗu, ka zauna a kansu.

Rundunar sojin saman Birtaniya, RAF, ta sauƙaƙa maka aikin, domin kowane sikwadiron yana da littafin ayyukansa. Fom 540 shi ne taƙaitaccen labarin kowace rana, Fom 541 kuma shi ne dalla-dalla: lambar jirgi, sunan matuƙi, lokacin tashi, lokacin sauka, da ɗan bayani. Ana ajiye su a gidan adana takardun tarihi na Birtaniya da ke Kew, ƙarƙashin lambar AIR 27, rahotannin artabu da matuƙa suka rubuta bayan sauka kuma suna AIR 50, kuma ana samun da yawansu ta intanet. Wasu littattafan a cike suke, wasu kuma ka ga alamar magatakardan a gajiye yake, layi biyu ya rubuta a ranar da aka rasa mutum uku. Duk da haka lokacin tashi da na sauka kaɗai sun ishe ka ƙashin bayan mishan. Tashin da ya ɗauki minti 25 ba irin wanda ya ɗauki awa ɗaya da rabi ba ne. Na farko an haɗu da abokan gaba tun ana hawa, na biyu sintiri ne, wataƙila ba a ga kowa ba.

In ka bar mini zaɓi, sikwadiron 501 zan ba ka. Hurricane suke tuƙawa, jirgin da ya fi Spitfire yawa a wannan yaƙi duk da Spitfire ne ya kwashe suna. Sun koma filin jirage na Gravesend a ƙarshen Yuli, suka matsa na Kenley ranar 10 ga Satumba, kuma ba a janye su daga fagen daga ba har yaƙin ya lafa. Suna Gravesend sukan tashi da sassafe zuwa Hawkinge da ke bakin teku su yini a can, su dawo da yamma. Wannan zirga-zirgar ma mishan ce, kuma Hawkinge tana da aibin da zai yi maka amfani: ta yi kusa da Faransa ƙwarai, wanda ya tashi daga nan sau da yawa yana cikin hawa Jamusawa za su zo ta samansa.

Abu guda ka kiyaye in kana gwama takardun ɓangarorin biyu: agogon Jamusawa yana gaban na Ingila da awa ɗaya a wannan lokaci. In ba ka gyara ba za ka ga kamar an yi faɗa biyu a inda aka yi ɗaya.

Kalanda ita ce za ta bambanta maka mishan

Yaƙin ya yi ta sauya fuska, kuma wannan sauyi ne zai raba ka da maimaici. A Yuli da farkon Agusta, faɗan a kan ayarin jiragen ruwa ne a mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa. Jirage shida, wani lokaci uku, suna shawagi a kan ayari, wanda aka harbo kuma teku ce ke jiransa. Ranar 12 ga Agusta aka kai wa tashoshin radar hari, aka kashe ta Ventnor na ɗan lokaci. Ranar 13 babban farmaki ya fara. Daga 24 ga Agusta zuwa 6 ga Satumba filayen jiragen rukuni na 11 na RAF, wanda Keith Park ke jagoranta, suka sha wuta, kuma cikin waɗannan makonni biyu aka kashe matuƙa 103, wasu 128 suka ji munanan raunuka. Ranar 7 ga Satumba aka juya kan Landan. A Oktoba kuma sai jirgin farautar Jamus, Bf 109, ɗauke da bam guda, can ƙololuwar sama inda Hurricane ke haki kafin ya kai. In mishan ɗinka na Yuli da na Oktoba suna da jirage iri ɗaya a tsayi ɗaya, to kalandar ado ce kawai.

Sannan akwai ranakun shiru. Yaƙin sama kamar kasuwar ƙauye yake, ba kullum take ci ba. Ranar 17 ga Agusta an yi tsit, daga 19 zuwa 23 kuma hadari da gajimare suka rage zirga-zirga sosai. Ko a ranakun da aka gwabza, sikwadiron yakan tashi sau uku ko huɗu, wani tashin bai ga komai ba. A kamfen ɗin da nake haɗawa nakan bar kusan kashi ɗaya cikin uku na tashi ba faɗa, ko kuma a bi jirgin Jamus Dornier guda ɗaya mai leƙen asiri cikin gajimare a rasa shi. Sharaɗin shi ne kada mai bugawa ya san wanne ne wanne. Da zarar ya tabbata kowane tashi akwai faɗa a minti na goma, ya daina waiwaye. In kuwa ya yi tashi biyu lafiya lau, na uku aka faɗo masa daga cikin rana, daga ranar wuyansa ba zai sake hutawa ba. Wanda ya ƙosa yana da maɓallin gaggauta lokaci, kada wannan ya dame ka.

Abin da matuƙi ya sani da abin da bai sani ba

Nan ne na fi ganin masu gina mishan suna sakin layi. Sukan rubuta bayanin kafin tashi kamar marubucin tarihi ne ke magana: jiragen jefa bam 27 na runduna kaza za su bi ta Dungeness a ƙafa 15,000 da ƙarfe ɗaya da kwata. Matuƙin RAF bai taɓa samun irin wannan ba. Waya ce take ƙara a ɗakin jira, a ruga a tashi, sai an ɗaga sannan mai ba da umarni daga ƙasa ya faɗi inda za a nufa da tsayin da za a hau.

Shi kansa mai umarnin, abin da ke gabansa ba cikakke ba ne. Radar ɗin Chain Home teku yake kallo. Da jirage sun tsallako gaɓa sai a dogara da 'yan sa-ido na Observer Corps masu tabarau da wayar tarho, in kuwa akwai gajimare sai dai su bi da kunne. Labari yakan bi ta hedikwatar Dowding, babban kwamandan jiragen farauta na RAF, a Bentley Priory a tace shi, ya wuce ɗakin Park da ke Uxbridge, sannan ya isa tashoshi irin su Biggin Hill, Kenley da Hornchurch. Wannan yakan ci kimanin minti 4, alhali faɗin mashigin a daidai Dover mil 21 ne kacal. Radar ɗin yana iya ƙoƙarinsa wajen nisa da kusurwa, amma a tsayi da yawan jirage yakan yi kuskure babba. Har matuƙa suka koyi ƙara wa kansu ƙafa dubu biyu ko uku a kan abin da aka ce musu.

To ka gina wannan a cikin mishan. Bayanin kafin tashi ya zama layi uku: kwanan wata, yanayin sama, da su wa ke jiran kira. Sauran ya zo ta saƙon rediyo bayan tashi, kuma ka yarda saƙon ya yi kuskure. Ka ce jirage 20 a ƙafa 15,000, ka sa 35 a ƙafa 18,000 da 'yan rakiya a samansu. Ka jinkirta saƙon da 'yan mintoci daga inda maharan suke a zahiri. Wani lokaci ka sa maharan su karkata bayan an riga an ba da umarni, mai bugawa ya isa wurin ya tarar da sama fayau. Cliffs of Dover yana karɓar rubutun umarni na yaren kwamfuta C# a gefen mishan, da shi za ka aika saƙo a kan lokaci, ka kuma sa kwamfuta ta zaɓi tsayi ko hanya da ka, yadda ko kai da ka gina ba za ka san abin da zai fito ba. Mai buga DCS, wani wasan tuƙin jirgin yaƙi, yana yin irin wannan da yaren Lua ko da sharuɗɗan da ke cikin editan.

In ɓangaren Jamus kake ginawa, kuskuren nasu daban ne. Sashen leƙen asirinsu ƙarƙashin Beppo Schmid ya yi ta raina yawan jiragen da suka rage wa RAF, kuma sun ɓata bama-bamai a filaye irin su Eastchurch, Ford da Gosport waɗanda ba na jiragen farauta ba ne. Don haka bayanin matuƙin Jamus ya fito da cikakken tabbaci, ya ce masa abokan gaba sun kusa ƙarewa, sannan ya je ya gani da idonsa. Rediyon masu jefa bam da na 'yan rakiyarsu ma ba sa jin juna. Da safiyar 13 ga Agusta an ɗage farmaki saboda gajimare, saƙon ya isa wurin 'yan rakiya suka juya, amma bai isa wurin Dornier na rundunar masu jefa bam ta KG 2 ba, suka wuce Eastchurch su kaɗai. Ga mishan nan a shirye, ba sai ka ƙirƙiri komai ba.

Kenley, 18 ga Agusta

Bari in ɗauki rana ɗaya in nuna maka abin da nake nufi. A takarda, shirin Jamusawa a kan Kenley tsaf yake. Jiragen jefa bam Ju 88 za su fara zuwa su yi ruwan bam a kan gine-gine, Dornier da yawa su biyo daga sama su farfasa filin, sannan Dornier 9 na 9./KG 76 su shigo ƙasa-ƙasa su ƙarasa abin da ya rage. Gajimare a Faransa ya jinkirta haɗuwar na sama. Su taran nan kuwa sun tashi a kan lokaci, suka tsallaka ruwa dab da igiyar teku inda radar bai gan su ba, suka shigo ta wajen Beachy Head, suka bi layin dogo suka nufi arewa. 'Yan sa-ido suka hango su suka buga waya. Wajen ƙarfe ɗaya da minti 20 na rana suka iso Kenley, su da ya kamata su zo ƙarshe sai ga su a farko, babu hayaƙi, babu ruɗani, kowace bindiga ta filin tana jiransu, ga Hurricane na sikwadiron 111 daga Croydon a bayansu. Filin yana da wasu rokoki masu jan igiyar ƙarfe sama su rataye ta da laima, aka harba musu. Sun rushe rumfunan jirage uku, amma huɗu daga cikinsu ba su koma gida ba, sauran suka koma da huji ko'ina. Ju 88 da suka iso daga baya suka tarar hayaƙi ya rufe filin, suka karkata West Malling.

Mai gina mishan da bai karanta ba zai sa kashi ukun su iso a jere yadda aka tsara, domin haka editan ya fi sauƙi. Kai kuwa jinkirin za ka gina. Ba na ƙasa lokacin tashinsu na asali, ka riƙe na sama da 'yan mintoci. In mai bugawa yana 615 ko 64, sikwadiron biyun da ke Kenley a ranar, ka tura shi sama ya tari manyan maharan, sannan saƙo ya zo masa cewa ana ragargaza gidansa a ƙasa. Ya sauko ko ya tsaya inda aka sa shi? Babu fentin da zai ba shi wannan tsaka-mai-wuya.

Su 501 ɗinka kuma, a wannan rana kusa da Canterbury suna hawa a jere uku-uku, matse da juna, kamar yadda aka koya musu kafin yaƙi. Gerhard Schöpfel na rundunar jiragen farautar Jamus ta JG 26 ya faɗo musu daga sama shi kaɗai, ya fara da biyun da ke gadin baya, cikin 'yan mintoci ya sauke Hurricane huɗu kafin sauran su farga. Dalilin a bayyane yake: a jerin uku-uku mutum biyu idonsu na kan fiffiken shugaba don kada su yi karo, shugaba kaɗai ke duba sama. Jamusawa kuwa tun daga yaƙin Sifen suke tafiya biyu-biyu da huɗu-huɗu a warwatse, kowa na gadin bayan ɗan'uwansa. In ka bar jiragen RAF na Agustan 1940 suna tafiya irin ta Jamusawa, ka ba su darasin da ba su gama biyan kuɗinsa ba tukuna.

Matuƙan kwamfuta ba sa tsoron mutuwa

Biyar ko shida da kake harbowa a kowane tashi, ga ma'auninsu. Josef František, ɗan Czech da ya tashi tare da 'yan Poland na sikwadiron 303, yana cikin waɗanda suka fi kowa a yaƙin, kuma 17 aka rubuta masa. Kai a mishan uku ka kamo shi. Daga cikin matuƙa da ma'aikatan jirgi kusan 3,000 da suka yi yaƙin a ɓangaren RAF, 544 sun mutu a cikinsa, kuma da yawa ba su harbo ko ɗaya ba. Ko alƙaluman da aka sanar a lokacin a kumbure suke. Ranar 15 ga Satumba an ce an harbo jiragen Jamus 185, takardun Jamus da aka samu bayan yaƙi suka nuna kimanin 60 ne kawai. Yawanci ba ƙarya aka shirya ba: mutum uku sun harbi jirgi ɗaya, kowa ya ga hayaƙi, kowa ya rubuta nasa. Saboda haka rahoton matuƙi ka ɗauke shi don sanin yadda faɗan ya fara da tsayin da aka yi shi, yawan asara kuwa ka nema a takardun ɓangaren da ya yi asarar.

A simuleta kusan kowane iri, jiragen da kwamfuta ke tuƙawa sukan tsaya su yi ta juyi har sai ɗaya ya ƙare. Mutum ba ya haka. Ya faɗo sau ɗaya, ya yi harbi, ya nutsa ya gudu, ko ya duba ya ga sama ta zama wayam ya nufi gida. A wancan yaƙi, harin da aka rasa jirgi ɗaya cikin goma babbar asara ce. Gyaran yana hannunka. Rage ƙwarewar mafi yawansu, ka bar gwani ɗaya ko biyu a kowane rukuni. Rage ta masu bindigar baya a jiragen jefa bam. Kada ka sa hanyoyin ɓangarorin biyu su yi karo kai da kai a tsayi ɗaya, bar tazara yadda wasu za su wuce ba su ga juna ba. Mafi muhimmanci, ka duba mai. Bf 109E in ya raka masu jefa bam har Landan, kimanin minti 10 yake da su na faɗa kafin ya juya. In ka haifar da shi a sama kusa da Dover da cikakken tanki, ka ba shi abin da Göring, shugaban sojin saman Jamus, bai iya ba shi ba. Rage masa man, ka sa masa zangon komawa gida a kan lokaci.

Ma'aunin nasara ma ka sauya shi. Park masu jefa bam ya fi damuwa da su, a tarwatsa su kafin su isa, a kuma dawo da matuƙa. Mishan ya ƙirga nasara in an hana wani kaso na bama-bamai sauka a inda aka nufa, ko in mai bugawa ya dawo da 'yan sashensa. Wanda ya bi 109 har tsakiyar ruwa ya bar abokansa, ko ya harbo shi, a rubuta masa faɗan kwamanda.

Batun jirage ba zan daɗe a kai ba tunda ka riga ka kula. Spitfire Mk V da Fw 190 na 1941 ne, kada su leƙo. Injin Merlin na lokacin kafireta gare shi, in ka tura sanda gaba da ƙarfi sai ya yi tari ya ɗauke, na 109 kuwa injakta ne, shi ya sa Bajamushe ke tsira da nutsewa. Stuka, jirgin Jamus mai nutsowa ya jefa bam, an janye shi daga babban faɗan bayan 18 ga Agusta, ranar da rundunar StG 77 ta yi asarar kimanin 16. Sikwadiron 303 bai shiga aiki a hukumance ba sai 31 ga Agusta. Masu DCS suna da irin wannan tarko a taswirar Normandy: Bf 109 K-4 da Fw 190 D-9 ba su shigo fage ba sai wajen Satumba da Oktoban 1944, watanni bayan saukar sojojin ƙawance a can ranar 6 ga Yuni.

Wane irin kamfen?

Hanya ta farko ita ce jerin mishan tsayayyu, kowanne rana guda ta tarihi. Ita ta fi kusa da takarda, amma a bugu na biyu an haddace ta. Ta biyu ita ce kamfen mai tafiyar da kansa, irin wanda Falcon 4.0 ya yi suna da shi tun 1998, inda abin da ka lalata yau yake shafar gobe. Yana da rai, amma yakan saki tarihi da wuri, sai ka ga matuƙi ɗaya ya ƙarar da rundunar sojin saman Jamus, Luftwaffe, kafin Satumba. Ni tsakiya nake bi. Babban tarihi a kulle yake: ko me mai bugawa ya yi, ranar 7 ga Satumba Landan za a nufa. Abin da ke motsi shi ne sikwadiron ɗinsa. Rubutun umarni ya adana wa ya mutu, wa ke asibiti, jirgi nawa ke wurin gyara, mishan na gaba ya karanta. In jiya an rasa huɗu, yau a tashi da takwas ko tara maimakon 12, waɗanda za su cike gurbin kuma sababbi ne masu ƙarancin ƙwarewa. Wanda ya yi tsalle da laima a kan Kent ya dawo aiki, Bajamushen da ya yi haka ya zama fursuna. Haka abin ya kasance: sikwadiron 616 ya iso Kenley ranar 19 ga Agusta daga arewa, cikin mako biyu aka janye shi saboda yawan asara.

Wannan dabara ta ƙirga jirage za ta fi yi maka amfani in ka koma taswirar hamada ta Desert Wings – Tobruk, ƙarin wasan Cliffs of Dover, kuma a nan labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Tun daga Satumban 1940 ake kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Ghana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena, El Fasher da Khartoum har Masar. Ayarin farko Blenheim ɗaya ne ya ja Hurricane 6. Hanyar ta buɗu ne saboda gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, a Agustan wannan shekara, kuma jirage fiye da 5,000 suka bi ta. Tafiyar ta haura mil 3,500, jirgi yakan isa da injin da ke neman gyara tun bai ga yaƙi ba. Kano ba ta cikin taswirar wasan, amma tana iya shiga lissafinka: jiragen cike gurbi su riƙa zuwa a makare, kaɗan-kaɗan.

Inda abin ke tsayawa

Akwai abin da edita ba zai ba ka ba. Ranar 7 ga Satumba masu jefa bam kusan 350 ne da 'yan rakiya sama da 600, kwamfutarka za ta durƙusa tun kafin ka kai rubu'in haka. Abin yi shi ne ka riƙe gwargwado, ka nuna yankin da sikwadiron ɗinka ya ci karo da shi, sauran su zama hayaƙi a nesa da surutu a rediyo. Gajiyar mutumin da aka tasa tun kafin asuba yana tashi na huɗu, da sanin cewa tankin mai yana gaban gwiwarsa, babu lambar da za ka sa ta kawo su. Mai bugawa kuma ya mutu sau ɗari ya dawo, ya fi kowane matuƙin 1940 sanin harbi. Dokar rai ɗaya, wato in ka mutu kamfen ya ƙare, tana rage wannan, ba ta kawar da shi. Ni aikina a jiragen farfela na Yaƙin Duniya na Biyu yake, in ka koma na zamani masu makamai masu linzami lissafin tazara da na lokaci duk sai an sake. Kuma in ka gina ɓangaren masu jefa bam a Landan, rubuta bayanin a bushe, ba kirari. A hare-haren 7 ga Satumba kaɗai an kashe fararen hula fiye da 400.

Kafin ka ba abokinka mishan ya gwada, ka bar kwamfuta ta buga shi ita kaɗai, har da jirginka, ka koma gefe da biro da takarda. Maimaita sau da dama, kana rubuta asarar kowane ɓangare da tsawon lokacin da faɗan ya ɗauka, sannan ka gwama da Fom 541 na ranar. In Jamusawa sun shigo su 30 sun koma su 8, ko 501 ta ƙare ƙurmus, koma ka rage mai, ka buɗa tazara, ka sauke ƙwarewa, ka sake gwadawa. Sai asarar ta sauko kusa da ta takarda, lokacin sauka kuma ya yi kusa da wanda magatakarda ya rubuta, sannan ka shiga kujerar da kanka ka wuce zuwa mishan na biyu.